Akushin Yaya Chindo

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, a shekarar ne aka sallamo yayan mijina daga babban asibitin Yamai. Mutanen Gangara suna ta kiɗa da guɗa wai an samu 'yancin kai, mu kuwa a gidanmu shara muke yi da yayyafa ruwa, don babban ɗan gidan zai dawo bayan wata huɗu. Sunansa Chindo, saboda ɗan yatsa na shida da aka haife shi da shi a hannun hagu. Yau da na tsufa haƙora suka zube nake iya faɗin sunan. A lokacin, ni Mairama, matar ƙanensa Isaka, ko a mafarki sai dai in ce Yaya.

Ciwon ya same shi ne bayan rasuwar matarsa. Ya daina barci, ya daina ci, har ya taɓa neman halaka kansa, Allah ya sa aka ankara. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan, don labarina a kan abin da muka yi masa ne bayan ya samu sauƙi.

Majo Mamman, babban ma'aikacin gidan likita na Gazawa, shi ya rako shi gida. Gajere ne mai tumbi, mai son fura da surutu. Da Yaya ya fita gai da liman, majo ya tara mu a inuwar rumbu: ni, da Isaka, da surukata Inna Indo, uwarsu. Sai da ya shanye ƙwarya guda ya goge baki, sannan ya fara.

"Ya samu sauƙi ƙwarai, amma ciwon ga ba ya tahiya rana guda. Ga magani, Inna, ki aje wurinki, guda da sahe, guda da marece. Abin da zai iya ji ma kansa rauni da shi, ku ɗauke mishi. Kak ku bar shi shi kaɗai. Ku zamna da shi, ku yi hira, ku yi dariya."

Muka ce to.

"Saura babbar. In kunka ga ya hwara rabon kayansa, ko shina bin mutane shina neman gahwara ba dalili, ku dube shi ku tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka?"

"A'uzubillahi!" in ji Isaka. "Majo, ai sai mu tuna mishi abin da ya mance."

"Ba ka tuna ma mutum abin da ke cikin cikinsa, Isaka. Na ga da yawa. Wanda anka tambaya ya kan ji sanyi, don ya san akwai mai ji. Ku tambaya, in ya ce e, ku riƙe shi ku aiko mini."

Muka sake cewa to, to ɗin da ake ce wa baƙo don ya tashi.

Sai na gaya muku irin gidanmu, in ba haka ba za ku ɗauke mu mugaye. Kakannin gidan makiyaya ne daga arewa, suka zauna suka kama noma. Shanun sun ƙare tuntuni, kunyar ce ta rage, ita kuwa har ta hayayyafa. Yaya ɗan fari ne, saboda haka tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Kakarsa ce ta raine shi, ita ce mai tsokanarsa da shafa kansa, ta kuma rasu. In Inna za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ni kuma yayan miji kamar suruki yake, in na hango shi sai in durƙusa in kau da kai. Isaka ƙane ne, ba ya ɗaga ido gaban babba. Garin kaf ana misali da ladabin gidanmu, mu ma muna jin daɗin hakan.

Umarnin majo na farko mun cika shi har ya zube. Isaka ya kwashe ɗakin Yaya tas, har da allurar ɗinkin hula, har da ludayi, wai kada a yi sake. Magani kuwa tafiya yake yi kamar wasiƙar kwamanda, daga hannu zuwa hannu. Inna ta ciro ƙwaya ɗaya daga cikin ƙoren jerenta, ta ɗora a faifai, ta ce, "Mairama, kai ma wancan." Ni in ɗauka, in je bakin ƙofarsa, in durƙusa, in yi gyaran murya, in ajiye. Ya ce, "Sannu, Mairama." In ce, "Yauwa, Yaya," in zuba da sauri kamar an biyo ni.

Zancen kada a bar shi shi kaɗai, nan ne Isaka ya nuna basira. Ya yanke zanar da ke tsakanin sashenmu da na Yaya, ya yi 'yar taga daidai ido, ta yadda ina daka ina hango shi. Sannan ya kafa turke a bakin ɗakinsa, ya ɗaure jakinmu.

"To, ga shi nan, ba shi kaɗai ba ne," in ji shi, yana karkaɗe hannu.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi kansa Yaya ya yi murmushi ranar, ya ce jakin ya fi wasu mutanen Yamai hankali.

Kwanakin farko 'yan'uwan biyu suna ci akushi ɗaya yadda suka saba tun suna yara. Ana nan Isaka ya dawo daga kasuwa fuska a murtuke. Wani mai tallar magani ya ce masa ciwon kai ta yawu ake ɗaukarsa.

"Ba ƙyama ba ce," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Amma in ni ma na kamu, wa ka noma gidan ga? Ki ware mishi nashi. Ki yi mishi alama kada a gauraya."

Ban yi musu ba. Na zaɓi akushi mafi kyau, don zuciyata ta samu abin da za ta kare kanta da shi, na sa ƙarfe a murhu ya yi ja, na ɗana masa a gefe. Tabo ya fito baƙi ƙirin, tsawon ɗan yatsa. Da marece na kai masa tuwonsa a ciki. Ta tagar zana na ga ya juya akushin, ya shafa tabon da babban yatsa, ya dubi wajen da Isaka ya saba zama. Ya ci rabi.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta jin kunyarsa: Tala, taubashiyarsa, ɗiyar ƙanen Inna, mai soya ƙosai a kasuwa. Bazawara ce mai murya kamar kakaki. Ta faɗo gidan wata safiya ba ko sallamar kirki.

"Ina bawana? An ce ka tahi Yamai ka ci burodin Nasara ka yi ƙiba. Ina tsarabata, ɓarawo?"

"Ke dai kwaɗayi zai kashe ki," in ji Yaya. "Da an san da ke, ke za a kwantar ba ni ba."

Ta zauna dirshan a tabarmarsa, ta jawo akushin mai tabo, ta sa hannu ta yanki loma. Ranar na ji dariyar Yaya, irin mai fitowa daga ƙasan ciki, har jakin ya ɗaga kunne. Amma da ta fito, Isaka ya tare ta a zaure.

"Tala, mutumen ga ba shi da lahiya. Wasan ga naki zai tayar mishi da ciwo. Ki dakata zuwa har ya warke."

"Kai ne ba ka da lahiya," in ji ta. Amma gida nasu ne, ta ja zanenta ta tafi tana mita, ba ta sake shigowa ba. Sai dai duk ranar kasuwa ta ba ni ƙosai a ganye ta ce in kai wa bawanta.

Kaka ta zo, gero ya nuna. Duk Gangara an san ba mai ɗaurin dami kamar Yaya. Ranar gayyar gonarmu, tun da ya ji ganga ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya fito tsakar gida, ya ce a ba shi magirbinsa.

Isaka ya durƙusa, da ladabinsa cikakke. "Yaya, ka huta. Mu mi munka yi da za ka wahala? Kuma rana ba ta jituwa da maganin Nasara."

"Majo ya ce haka?"

"Bai ce ba, amma ai an sani."

Gaskiyar ita ce Isaka ba ya son 'yan gayya su yi ta kallon yayansa suna raɗa. Da wannan dalilin ya hana shi zaman dandali, da wannan dalilin ya ce sallah a gida ma ta wadatar. Yaya ya koma ya cire rigar. Yini guda ana jin ganga daga gona, shi kuwa yana zaune yana cire wa jaki ƙarangiya daga wutsiya, yana yi masa magana a hankali.

Duk kasuwa biyu majo yakan zo da kekensa ya kawo magani.

"Kuna hira da shi dai ko?"

"Haba Majo," in ji Isaka, "gidan ga ba ya rabo da hira."

Bai yi ƙarya ba, hira muke yi sosai, a sashenmu. Majo ya juya wajen Yaya ya tambaye shi, shi kuma ɗan gidan ne, kunyar ba ta tsallake shi ba. Zai tona asirin uwarsa da ƙanensa gaban baƙo? Sai ya ce, "Lahiya lau, suna ƙoƙari." Majo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya hau kekensa ba tare da ya gamsu ba.

Akushin ne ya riƙa ba ni labari, don ni ke wanke shi. Daga rabi ya koma loma uku, daga loma uku ya koma yadda na kai shi, miyar ta daskare a sama. Na gaya wa Inna. Ta tashi ta buɗe tukunyar man shanun da take ɓoyo, ta ce in ƙara wa wancan a miya. Iyakar abin da ta iya ke nan. Na sha ganinta tana laɓe a bakin tagar zana, tana leƙensa, in ta ji motsina sai ta hau faɗan kaji.

Ana haka wata uku suka wuce. Rannan, wata Laraba da hantsi, gidanmu ya tashi da murna. Yaya ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta sallah, ya cinye ɗumamensa tas. Fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya kira Isaka ya miƙa masa hularsa ta Kano, wadda Isaka ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

"Ta hi kyau da kanka. Gonar tudu ma ka haɗa da taka. In na taɓa ɓata maka, ka yahe mini."

Isaka ya shigo sashenmu da hula a ka yana juyi. "Kin gani? Ya warke! Wa ya ce hutu ba magani ba ne?"

Yaya ya tsaya daga bayan zana ya ɗaga murya kaɗan, ya ce a gaya wa Inna yana neman gafararta. Inna ta ce a gaya wa wancan bai yi mata komai ba. Murna ta kama ta har ta ce in jiƙa gero, gobe a yi wainar sadaka. Ni ma ina ta waƙa ina tankaɗe.

Ina cikin haka na ji gyaran murya. Na ɗaga kai, Yaya ne a bakin sashena, abin da bai taɓa yi ba. Ya sunkuya ya kife akushin mai tabo a ƙasa. Ya wanke shi da kansa, har yana ƙyalli.

"Mairama, na gode da wahala. Kin huta da wankinsa. Jakin ga kuma, a riƙa cire mishi ƙarangiya, tana damunsa."

Na ce, "To, Yaya." Ya juya.

Rariya na hannuna, sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Muryar majo ta dawo mini da ƙamshin furarsa: rabon kaya, neman gafara. Na zubar da rariyar na yi wajen Isaka, na gaya masa.

Hular ta karkace a kansa. Ya gane, na ga ya gane. Amma sai ya ce, "Ni ƙane, in dubi tsabar idon yayana in yi mishi wagga tambaya? Bakina ba ya iyawa. Ke ki tambaye shi."

"Ni? Matar ƙane?"

"To a jira majo, jibi shina zuwa."

Tala ta tafi cin wata kasuwa tun da asuba. Ta tagar zana na hango Yaya yana sa takalmansa. Na ruga ɗakin Inna, na durƙusa, na gaya mata duka, ban rage ba.

Ta ajiye mazarinta. "Ɗiyata, shekara talatin da biyar ban buɗe baki na yi mishi magana ba. Mi mutane za su ce?"

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Inna, za su ce kin cika kunya. A wajen zaman makoki za su hwaɗa."

Yaya ya riga ya ratsa tsakar gida. Ya ce wa Isaka zai je ya dubo gona, Isaka kuwa ya tsaya kamar turken jaki. Saura taki uku ya shiga zaure sai na ga Inna ta fito ba ko mayafi, tsohuwar da sai da sanda take tashi.

"Chindo!"

Kaji suka watse. Maƙwabciyarmu ta bayan zana ta saki taɓarya ta ce, "La'ilaha!" Yaya ya tsaya cak, bai juyo ba, kamar yana jira a ce da wani ake.

Inna ta wuce shi ta zauna a ƙasa a bakin zaure, ta tare hanya da ƙafafunta. Ta kamo hannunsa na hagu, mai ɗan yatsan nan, ta ja shi ƙasa. Ba ta ɓoye ko kalma ɗaya ba.

"Chindo, dube ni. Kana tunanin kashe kanka?"

Ya ɗago ido ya dube ta. Sannan ya ce, "E, Inna."

"To ba ka hita. In za ka hita sai ka taka ni. Zamna ka gaya mini tun daga hwarko, yau ba ni da aiki."

Ya zauna, ya kifa kai a gwiwarta, babban mutum mai gemu, ya yi kuka kamar yaron goye. Ita ma tana yi, ni ma ina yi. Isaka ya fi kowa, har da majina, hula a hannu. Inna ta ɗago ta daka masa tsawa, ta ce ya hau jakin nan ya tafi Gazawa ya zo da majo, in ya dawo kuma ya cire turken daga ƙofar ɗan'uwansa. Ni ta ce in dama fura a akushin nan mai tabo, in kawo ludayi ɗaya tak. Ta sha, ta miƙa masa, ya sha, ta miƙo mini.

Majo ya iso bayan azahar yana haki. Ya zauna da Yaya su biyu har la'asar, ya gyara masa magani, ya ce zai riƙa zuwa duk mako. Mu kuma ya wanke mu tas, bai bar kowa ba. Sannan ya ce a ba shi fura, a akushin da kowa ya sha.

Ba zan ce ciwon ya tafi ranar ba. Akwai kwanakin da ya dawo, amma an riga an koyi tambaya, in Inna ta ga ya yi shiru sai ta yi ta, shi kuma ya faɗi gaskiya. Ya koma gona. Tala ta dawo da iyayinta, bayan damina biyu ta aure shi, ta ce ba za ta bar bawanta a hannun mutanen da suka ba shi jaki ya yi hira da shi ba. Inna kuwa da bakinta ya buɗe bai sake rufuwa ba: Chindo zo ka ci, Chindo ina za ka, har maƙwabta suka ce a taimaka a rage musu. Wasu tsofaffin garin sun yi ta zunɗenta wai ta zubar da mutunci. Yaya ya rayu har ya ga jikokinsa.

Ba mu ɗaure shi ba, ba mu doke shi ba, ba mu taɓa ɗaga masa murya ba. Da durƙuso da man shanu a miya muka kusa kai shi kabari, kowannenmu yana jin shi mai ladabi ne. Har gobe akwai gidaje irin namu daga nan har Gidan Sori, an dawo da mutum daga likita an ajiye shi a bayan zana, ana leƙensa ana jiran wani ya fara magana. Akushin yana ɗakina, tabon da na yi masa bai goge ba.

Abin da ba na mantawa shi ne maganar da na ji ranar, ina tsugune ina ƙara musu nono. Yaya ya share ido ya dubi uwarsa.

"Inna, ashe kin san sunan."

"Kullum ina hwaɗinsa," in ji ta. "Sau biyar a rana, in na kai goshina ƙasa."

Ya juya ludayin a hannunsa. Ya ce, "Allah ya ji, Inna. Ni ne ban ji ba."